Aksul ɗin baya ya sha walda

Jama'a duk mai shiga daji da mota ya riƙa leƙa ƙarƙashinta wallahi. Tawa tun da na sa mata manyan tayoyi sai man giya ya fara tsattsafowa ta gefen tayar baya, a canza sil ya sake zubowa, boris ma ba ya daɗewa, taya kuma tana cinyewa ta ciki kawai. Ashe bututun aksul ɗin ne ya ɗan lanƙwashe, da ido ba za ka gani ba sai da makanike ya ɗora doguwar sandar ƙarfe a kai.

Bayan an miƙar da shi sai aka yi masa gada ta ƙarfe mai kauri a sama, daga wannan gefe ta haye tulun tsakiya, wato gidan giyoyin aksul ɗin, zuwa wancan, don kada ya sake lanƙwashewa. Aikin waldar ne ya burge ni gaskiya. An zare shaf, wato sandar ciki mai juya taya, da giyoyi duka, an tsiyaye mai, mai waldar yana ɗan ɗinkawa kaɗan a hagu ya koma dama ya jira ya huce, don in ya zuba wuta a waje ɗaya zafin da kansa zai murɗe bututun. Tulun kuma ƙarfen zubi ne, sai da ya gasa shi tukuna, in ba haka ba waldar tsagewa take.

Motar ta ƙara nauyi a ƙasa kam, a gargada ina jin bayan yana ɗan dukana. Kuma gadar ba ta kare shaf ɗin ciki fa, shi zan canza nan gaba in sa mai ƙwari.