Kafin ka sayi tarakta, fara leƙa Ƙofar Ruwa

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi wannan." Tarakta ce sabuwa dal, har da gilashi da na'urar sanyaya wuri. Na tambaye shi wa ke gyaran irinta a Kano, sai ya ce ai sabuwa ba ta lalacewa. Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Da na tashi sayen tawa, bakanikena cewa ya yi in nemi Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75 da injin Perkins, ko da ta hannu ce. Na ƙi ji. Na ɗauko wata baƙuwa da ba a san ta ba. Kada a ce wauta ce zalla: kuɗina bai kai ba, ga ta sabuwa, ga dillali yana rantsuwa kayan gyara suna hanya. Amma akwai son a sani a ciki. So nake mutanen Kura su ce Alhaji ya kawo wadda babu irinta.

Damina ta biyu, ruwa ya sauka, manoma sun riga sun biya ni kuɗin haro, sai famfon ɗaga garma ya mutu. Na sa shi a buhu na bi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyara a Kano, rumfa-rumfa. Kowa ya jujjuya shi sai ya girgiza kai, alhali ga na Massey nan jibge. Sati biyar kafin wani famfon ya iso, an gama shuka. Na mayar wa mutane kuɗinsu, amma akwai dattijon da har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Direban ma da laifinsa, ba ya duba mai. Ko da yake ni na ɗauke shi saboda arha.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ga abin da ya rage. Je kasuwa ka tambayi filta da farantin kulocin wadda kake so. In sai an buga waya Legas, rabu da ita. Kuma kada ka sayi ta hannu, ciwon wani za ka gada. Amma in Massey ce, bakanike ya buɗe ya gani da idonsa, saya. Mai noman shinkafa a Kadawa kuwa ya nemi mai jan ƙafa huɗu, in ba haka ba laka za ta riƙe shi.

Sai dai ku yaran yanzu, bidiyon minti ɗaya ya fi muku maganar wanda ya tafka asara. Ina magana ɗan ƙanwar tawa yana latsa waya! Na ce masa gobe ƙarfe tara ya same ni a gida, ni zan kai shi Ƙofar Ruwa da kaina.