Me suke ci?

Talata, dare.

Yau kam da murnata na tashi, don jiya sai wajen ƙarfe biyu na rufe babi na 14 na labarin da nake rubutawa, babin da lulluɓai, tsuntsayen da na ƙirƙiro, suka fara bayyana a sararin Tudun Hazo, birnin da ke cikin labarin. Wata uku ina ɗauke da tsuntsayen nan a kaina ban sauke su a rubuce ba sai jiya. Ƙanana ne, ba su kai kurciya ba, bayansu ruwan toka, ƙarƙashin fukafukinsu kuwa kamar an shafa musu tagulla, in garken ya juya lokaci guda sai sama ta yi walƙiya kamar an karkata faranti a rana. Ba su da sarki, ba mai jan gaba, kowacce ta kusa da ita take bi. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne wadda ta ɓace daga cikin 'yan'uwanta ba ta iya barci, don lulluɓiya ba ta runtsawa sai tana jin numfashin wata a gefenta, kwana uku a haka sai ta mutu. Ina rubuta wurin nan jiya har da ƙwallata wallahi.

Safe dai kamar kullum. Wanke-wanke, koko, Umma na ta faɗan gawayi ya ƙara kuɗi. Wuta ta zo minti ashirin ta koma.

Bayan la'asar Kawu ya dawo daga ganin likitan ido, an ɗiga masa magani an ce ya rage shiga rana, sai na shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Auta ce ta tona min, wai Kawu ka san Yaya labarin tsuntsaye take rubutawa? Ya ce to 'yar nan karanto mu ji. Ni kuma da zumuɗi na ɗauko waya na zauna na karanta masa tun daga inda masu ganga suke hawa ganuwa suna yi wa garken maraba har inda rana ta dushe gari ya yi duhu da tsakar azahar. Idonsa a rufe yake saurara, carbi na hannunsa amma ya daina ja.

Da na gama bai ce ya yi daɗi ba, bai ce bai yi ba. Cewa ya yi, su nawa ne? Na ce Kawu ai ba sa ƙirguwa, rana fa suke rufewa. Ya gyaɗa kai. Can ya ce, to me suke ci?

Shiru na yi. Wata uku, na san launin ƙwansu, na san kukan da suke yi in hadari ya taso, amma ko sau ɗaya ban taɓa sa musu ƙwaya a baki ba. Na ce Kawu ai labari ne. Ya ce ko a labari abin da ke tashi sama da ciki yake tashi, kuma in ya gaji gonar wani zai sauka.

Daga nan ya ɗauko zancen jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye hatsi a gona, kuma ni tun ina ƙarama nake jin sunan a bakin mutanenmu na wajen Guri da Kirikasamma amma ban taɓa zama an ba ni shi haka ba. Ya ce da asuba suke fitowa daga cikin kachala, ciyawar nan da ta toshe ruwan Haɗeja ta zame musu makwanci, daga nesa sai ka rantse hayaƙi ne wani ya sa wa daji wuta. Lokacin da ƙwayar gero ko shinkafa take ruwa-ruwa ba ta yi tauri ba, nan suka fi so. Sai a kewaye gona da igiya a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da tsummokara da ledoji, mutum ya hau rumfa yana ja yana ihu tun fitowar rana har faɗuwarta, yara ba makaranta ba allo, ka kore su ta gabas su sauka ta yamma. Ya ce akwai shekarar da muryarsa ta dushe sati biyu ko sallama ba ya iya ɗagawa. Sai ya ɗago hannu kamar ya riƙe zangarniya ya matse iska da yatsunsa a hankali, ya ce ka kama ta ka ji ta sakayau, tsaye take da kyanta amma ba komai a ciki. Hannun nan nasa shi ne ya ƙi fita daga idona har yanzu.

Auta ta tambaye shi ba a kashe su ne? Ya ce jirgi na zuwa feshi wani lokaci, masu raga ma suna kama su da dare a soya a kai kasuwa, amma kamar ka ɗebi ruwan kogi da ludayi ne. Masara ce kawai ba su cika damu ba.

Na so in ji haushi fa, don sai na ji kamar an ƙwace min abuna. Amma kafin ya tashi alwalar magariba ya ƙara wata magana da ta fi ta farko dagula ni. Ya ce duk da haka 'yar nan, in suka taru da yamma za su koma makwanci, suna naɗewa suna warwarewa a sama kamar rawani, ko kai mai gonar sai ka saki igiyar ka tsaya kallo, ka ce tsarki ya tabbata ga Allah, alhali abincin 'ya'yanka ne a cikinsu.

Tuwo da miyar kuka. Ban ci da yawa ba.

Bayan isha'i na sa data na duba. Jan-baki nauyinsa wajen giram 20 ne kawai, amma yana cin kamar giram 10 a rana, wajen rabin nauyinsa kenan. Na buga lissafi, guda miliyan ɗaya tan 10 a yini, buhu 100 manya. Ni kuma lulluɓaina da na ce suna rufe rana sun ninka haka ban san sau nawa ba, ga shi na sa mutanen Tudun Hazo suna kaɗa musu ganga. Waye yake kaɗa gangar? Masu gona ne ko mutanen cikin ganuwa da ake kawo musu hatsi a auna? Abin da ya hana ni sukuni kenan, duk babi 14 ɗin daga saman ganuwa nake kallo, ban taɓa saukowa ƙasa ba, ni da tuwon da na girma da shi daga gonar Kawu ake aiko mana da hatsinsa duk kaka.

Ba zan mayar da su dodanni ba, wannan kam na ƙi. Jan-bakin ma asali irin ciyawar daji suke ci, in ya yi ƙaranci su faɗa gona, yunwa ce ba mugunta ba. Kuma ba zan ce raɓa suke sha ko hasken wata don in tsira ba, Kawu zai gane gudu na yi. Wadda ta ɓace ta kasa barci tana nan, ba na taɓa ta.

Na dai buɗe sabon shafi. Layi huɗu kawai na yi, wata yarinya a kan rumfa a bayan ganuwa, igiya ta yanke mata tafin hannu, tana jiyo gangar birni daga nesa ga sama ta fara yin ja. Ban san sunanta ba tukuna, ban kuma san ko ita ce za ta tsinci lulluɓiyar da ta ɓace ba, in ma ita ce ban san me za ta yi da ita ba, ta ɓoye ta a zani ko ta murɗe mata wuya. Gobe zan tambayi Kawu da wace irin igiya suke yi, da tsayin rumfar.

Caji saura 9. Ƙarfe shida zan ɗiga masa maganin ido.