Yadda alayyafon ado ya kunyata ni a wajen aiki

Ni dai a gidanmu alayyafo abin miya ne, ban taɓa tunanin akwai wanda zai saya don ya zauna yana kallonsa ba. Babanmu noman rani yake yi a bakin Jakara a Kano, tun ina firamare nake binsa fangali, latas ne, alayyafo ne, albasa mai lawashi ce, duk hannuna ya taɓa. Shi yasa da na samu aiki a wani lambun fulawa na bakin titi a Abuja na shiga da ƙafar dama ina ji da kaina, a raina nace wanda ya tashi a lambu ai ba sai an koya masa shuka ba.

Ranar farko oga na, wani dattijo ne mutumin Filato, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, yana zagayawa da ni yana faɗa min sunayen kayan, muka zo kan wasu ledoji jere ganyensu ja da rawaya da kore duk a jikin ganye ɗaya, na duƙa na murza ganyen na shinshina na kalli karan, nace oga wannan ai alayyafo ne. Yayi dariya yace eh ɗan'uwansa ne, Amaranthus tricolor sunansa a littafi. Ya nuna min silosiya, wadda furenta yake nannaɗe kamar zankon zakara da kuma mai tsini kamar gashin tsuntsu, ya nuna min gomfirina mai ƙananan furanni mulmulallu kamar maɓalli, da altanantera da ake jerawa a gefen hanya cikin gidaje, yace duk dangi ɗaya ne da alayyafon miyarku. Har da wani mai jela ja tana reto ƙasa kamar igiya, yace shi asalinsa daga Kudancin Amurka ne, a ƙasar Peru ƙwayarsa suke ci kamar hatsi. Wlh jin haka sai kaina ya ƙara girma, nace ashe gida na zo.

To fa, wata biyu da fara aiki aka kawo oda, leda 200 na mai kala ukun nan za a jera a wani wurin taron biki. Oga zai yi tafiya gida yace in kula da su. Ni kuma ina so in burge shi sai na yi musu abin da na sani, wato abin da Baba ke yiwa alayyafo in yana so yayi saurin isa kasuwa, na zuba kashin kaji sosai, bayan sati na bi da takin zamani na yuriya, ruwa safe da yamma ba fashi, kuma da naga rana tana dukansu har ganyen yana laushi da azahar sai tausayi ya kama ni na kwashe su kaf na mayar ƙarƙashin darbejiya. Kai, sun yi girma fa. Ganye fato-fato, kara ya miƙe, ina ta ɗaukar hoto. Matsalar kawai ita ce kalar ta gudu, jan ya koma wani dishi-dishi, rawayan kusan babu shi, kore ne shar ya mamaye ko'ina.

Da oga ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba, can yace yaro, miya za a yi a wajen bikin? Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai kore ni ba dai, amma sai da muka je wani lambun muka sayo wasu da kuɗinsa don kar a kunyata a gaban kwastoma. Da yamma ya zaunar da ni yace kai a gidanku ganye kuke nema, kore mai laushi, shi yasa kuke cika shi da taki ku yanke shi cikin sati 3 zuwa 4 tun bai yi fure ba, in ya fitar da kai ma kun yi asara. Mu kuma nan kala muke sayarwa, kuma shi wannan in ya ƙoshi da taki musamman yuriya sai ya manta da ado ya kama yin ganye, in ka ɓoye shi daga rana kuma ka gama kashe kalar. Yana son rana tun safe har yamma, taki ɗan kaɗan wanda ya ruɓe, ruwa kuma sai ƙasar ta ɗan sha iska. Laushin da yake yi da azahar ɗin da ya ba ni tausayi, yace da na jira la'asar da na ga ya miƙe da kansa.

Abin ya daɗe yana damuna gaskiya, ba asarar ba ma, a'a yadda na yi komai daidai yadda aka koya min tun ina yaro kuma ya zama shi ne kuskuren. Da ban san alayyafo ba sam da tambaya zan yi, sanin da nake taƙama da shi ne ya hana ni buɗe baki.

Amma fa ba duk abin da na zo da shi daga gida ne ya zama banza ba. Wajen yafa iri babu wanda ya kai ni a lambun. Irin alayyafon ado da na silosiya ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi, in ka zuba da hannu haka nan sai su taru wuri ɗaya su fito cunkus suna kashe juna, sauran yaran haka suke fama. Ni kuwa na cakuɗa da yashi mai laushi yadda Baba yake yi na yafa, ban binne ba, ɗan shafa ƙasa kawai a kai a danna da tafin hannu, in da zafi kafin sati ya zagayo sun tsiro. Wannan kam oga ya yaba.

Sai marka ta watan Agusta ta zo ta sake koya min hankali. Bedi guda na silosiya, sun fito gwanin sha'awa, aka kwana uku ana ruwa, da safe na zo na tarar sun kwanta, gindin kowanne ya tsuke ya ruɓe daidai inda ya haɗu da ƙasa kamar an matse da farce. Ruwa ne ya kwanta a bedin. Tun daga nan da damina sai na ɗaga bedi sama, na ƙara yashi, na yi masa ɗan rufi, ledoji kuma kafin a cika su sai na duba hujin ƙasa da kaina don yara suna mantawa.

Ita silosiya tana da wani hali da har yau yake ba ni haushi, bata son a taɓa mata saiwa kuma bata son zama a matse. In ka bar ta ta daɗe a ƙaramar leda saiwar ta nannaɗe, ko ka yi dashe da garaje ka tsinka ta, shikenan sai ta yi zuciya ta fitar da ɗan fure kamar kan yatsa tana tsawon taƙi ɗaya, kuma ko me za ka zuba mata ba za ta ƙara girma ba. Dashe tun tana da ganye huɗu ko biyar, da yamma, da ƙasarta a jiki. Da hunturu kuma duk danginsu nawa suke yi, sanyi baya musu daɗi.

Maganar ajiye iri ma na ɗanɗana. Na tara irin zankon zakara ja na ƙulle a takarda ina murna na huta da saye, ashe da yake a jere suke da masu rawaya da masu tsini, ƙudan zuma sun gama haɗa su aure, da na shuka abin da ya fito kowa da kamarsa, wasu ma zankon bai nannaɗe ba. Yanzu wadda zan ɗebi irinta nesa nake kai ta.

Altanantera kuwa ba ruwanta da wannan rigimar, ka yanki reshe ka soka a leda ka ba shi ruwa ya kama, aski kawai take so akai-akai, kuma ita ce ke kawo kuɗin cefane a lambun don masu sabon gida da yawa suke ɗiba. Gomfirina ita ma bata da fitina, tana jure zafi, in ka yanke furen ka rataye a inuwa ya bushe kalarsa tana nan wata da watanni.

Tambayar da kwastomomi suka fi yi min, musamman mata, ita ce ana cin wannan? Wata Hajiya Bayarabiya ta tsaya kan silosiya tace ai wannan shoko ne da suke miya da shi, kuma gaskiyarta, jinsi ɗaya ne, an dai zaɓo masu kyan fure ne aka mayar na ado. Nace Hajiya ayi haƙuri, na nan kam kar a saka a tukunya, muna musu feshin maganin tsutsar nan mai naɗe ganye, in na miya ake so a shuka daban a bayan gida.

Da na je gida da sallah na tafi da leda biyu na zankon zakara da ɗaya mai kala uku, waɗanda na raina da hannuna ban fesa musu komai ba, na ajiye a tsakar gida inda rana take. Baba ya zagaya su sau biyu ya taɓa furen yace to shi wannan yaushe ake yankansa? Nace Baba ba a yanka, kallo ake yi. Ya girgiza kai yace mutanen Abuja da kuɗi suke. Bayan sati biyu ƙanwata ta turo min hoto a WhatsApp, zankon zakaran suna nan ja wur, mai kala ukun kuma saura kara, Inna tayi miyar taushe.