Sauya sayiz ɗin tayar Prado: wanne zai zauna, wanne zai jawo asara

Sau da yawa mai jif yakan je sayen taya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, mai shago ya ce masa sayiz ɗin da yake nema ya yanke, amma ga wani "duk ɗaya ne, Alhaji, rim 17 ne shi ma". Lambar rim kaɗai ba ta isa abin dubawa ba. Taya biyu za su iya hawa rim ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya tsayi da santimita biyar, kuma wannan bambancin ne ke shafar maleji, birki, giya da shan mai. Zan yi bayanin da Toyota Prado, ƙirar 120 da 150, wadda yawancinta ke zuwa da 265/65R17. Lissafin dai ɗaya ne ga Highlander, RAV4 ko Lexus RX.

A fara da karanta rubutun da ke gefen tayar. 265 faɗinta ne a milimita. 65 ba milimita ba ce, tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. R na nufin saƙar radiyal, 17 kuma girman rim ne a inci. To, kashi 65 na 265 ya ba da milimita 172. A ninka biyu, saboda akwai gefe a sama akwai a ƙasa, a haɗa da rim, wato 17 sau 25.4, wanda ya kama kusan 432. Jimilla milimita 776. Wannan shi ne tsayin tayar gaba ɗaya, kuma shi ne ma'aunin da za a gwada kowace taya da shi. Ƙa'idar da masu harkar taya suka saba bi ita ce kada sabon sayiz ya zarce ko ya gaza na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, wanda a nan yake daidai da milimita 23 sama ko ƙasa.

Idan aka bi lissafin, 265/60R18 tana da milimita 775, kusan babu bambanci, kuma ita ce kamfanin ke ɗora wa Prado masu rim 18. Haka 245/70R17, ita ma 775 ce, sai dai ta fi siranta. 275/65R17 tana kai wa 789, ƙarin kashi 1.7, tana cikin iyaka. 265/70R16 ta yi daidai a tsayi, 777, amma rim 16 sau da yawa ba ya wuce kan birkin gaban waɗannan motocin, don haka kada a saya sai an gwada rim ɗin a jikin motar an juya shi da hannu.

Wadda aka fi tambaya a kanta ita ce 265/70R17. Tsayinta milimita 803, ƙarin kashi 3.4, wato ta ɗan haura iyaka kaɗan. Abin da ake samu shi ne motar ta ɗaga da milimita 13 kacal, domin rabin ƙarin ne ke ƙarƙashin gatari, ɗaya rabin yana sama cikin madigadi. Amfaninta na gaske yana cikin kaurin gefen, wanda ke shanye dukan rami kafin ya isa rim. Ga mai bin hanyar burji da ƙauyuka, musamman da damina idan ruwa ya zaizaye gefen kwalta, ina ganin wannan canji ne mai ma'ana. Amma yana da farashi. Idan maleji ya nuna 100, gudun motar ya ƙaru da kusan kilomita uku da rabi a kan yadda yake da tsohuwar taya. Ƙidayar tafiya ma tana raguwa: inda agogo ya rubuta kilomita 5,000, motar ta ci kusan 5,170, sai a riƙa yin juyen baƙin mai da ɗan wuri. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi, kuma a hawan tudu giya za ta fi yawan saukowa, abin da mai inji 2.7 zai fi ji a jikinsa fiye da mai V6.

285/70R17 kuwa wata magana ce daban. Milimita 831, ƙarin kashi 7. Tana da kyan gani, babu musu, amma a motar da ba a ɗaga ba tana gogar robar madigadi da ƙarfen da ke bayan tayar gaba da zarar an karya sitiyari har ƙarshe. Masu sa ta sukan ɗaga motar, su yanke wani sashe, wani lokaci su canja rim. Nauyinta yana gajiyar da birki da kayan ƙafa, mai kuma yana tafiya. Wanda ba shiga daji yake yi ba, ba ya buƙatarta.

Akwai kuma masu zuwa ta ɗaya ɓangaren, su sayi rim 20 don ado. 265/50R20 tsayinta 773, lissafi ya yarda da ita. Sai dai gefenta milimita 132 ne, an rage 40 daga na asali. A titi mai santsi sitiyari zai fi amsawa, amma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya matse gefen tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke, washegari a ga ƙulu ya fito kamar ƙwai. Tayar da ta yi ƙulu ba ta gyaruwa, faci ba ya yi mata komai, jiran fashewa kawai take.

Bayan sayiz akwai wata lamba da harafi, misali 112S ko 112H, kuma nan ne aka fi yin sakaci. 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120. S na nufin an yi ta don gudun da bai wuce kilomita 180 a awa ba, T 190, H 210. Kada a sauka ƙasa da lambar da ke kan takardar da aka liƙa a jikin ƙofar direba. 245/70R17 da tsayinta ya yi daidai galibi tana zuwa da 110, kilo 1,060, ita kuwa 265/50R20 da 107 ko 111. Mota mai cin mutum bakwai, ga buhun hatsi a baya, ga zafin watan Afrilu a kan kwalta: tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima, ta ɗau zafi, har zanen ya rabu da jikinta ana cikin gudu. Idan an ga LT a gaban sayiz, taya ce mai kaurin jiki ta motocin kaya. Tana jure ƙaya da duwatsu, amma ta fi nauyi da tauri, kuma tana buƙatar iska fiye da ta asali kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya. Lambar iskar da ke gefen kowace taya iyakarta ce, ba ita ake bugawa kullum ba, kuma a auna da geji da safe kafin tayar ta yi zafi.

Prado tana ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, shi ya sa haɗa sayiz biyu a mota ɗaya babban kuskure ne. Idan gaba 265/65 ce baya 265/70, ƙafafun ba sa juyawa daidai, sai giyar tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu, ta yi zafi, ta ci kanta. Na'urar ABS, wadda ke hana ƙafafu ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ita ma da gudun kowace ƙafa take aiki, bambancin na iya rikita ta. In za a canja, a canja duka huɗu, a haɗa da safaya ta biyar. A gwada kuma ko sabuwar safayar za ta shiga mazauninta, domin wadda ake ratayewa a ƙarƙashin mota wurinta a ƙayyade yake, ta jikin ƙofar baya kuma murfinta ba lallai ya rufe ba.

Wanda zai sayi 'yar Beljiyam saboda sayiz ɗin ya fi samuwa a can, ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen tayar. Misali, 3522 na nufin an yi tayar a mako na 35 na shekarar 2022. Zane mai zurfi ba ya nuna ƙuruciyar taya, roba tana bushewa ko a ajiye take. A duba tsattsagewa a gefe, a leƙa ciki ko an yi faci kusa da kafaɗa. Idan an ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki, an yi ta ne da la'akari da sanyin Turai, kuma da yawa daga irinsu robarsu na da laushi, tana saurin cinyewa a zafinmu.

Kafin a biya kuɗin duka, a sa mai faci ya ɗaura ɗaya a gaba, a sauke jak, a karya sitiyari dama har ƙarshe, sannan hagu. A zura hannu tsakanin tayar da madigadi, da kuma ta ciki wajen ƙarfen ƙafa na sama; a samu sararin yatsa biyu aƙalla. Sai a ja baya a hankali da sitiyarin a karye, a hau ɗan tudu da ƙafa ɗaya don shok ya matsu, domin gogar da ba ta bayyana a tsaye a nan take fitowa. In an ji ƙara, a sauka a duba, za a ga inda roba ta yi sheƙi. Idan babu, a ɗaura sauran, a yi balansin da alaimen a ranar, sannan a buɗe manhajar GPS a waya a miƙaƙƙen titi, a kwatanta da maleji a gudun 60 da 100, a riƙe bambancin a ka.