Yinin da na yi a zauren Kawu

Lahadi, bayan sallar isha'i.

Yau ba ni da aiki a asibiti, don haka tun da hantsi na nufi gidan Kawu, wanda rabona da shi tun sadakar arba'in ɗin matarsa Inna. Na same shi a zaure bisa buzu, rediyonsa a kashe, kunun da aka kawo masa tun safe ya huce ko murfin bai ɗaga ba. Mutumin da ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantar firamare, wanda ko a kan hanya ya ji yaro ya yi kuskuren lissafi sai ya tsaya ya gyara masa, yau gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Da na matsa masa da tambayar jiki, sai ya ce: "Jiki da sauƙi, ɗiyata. Aiki ya ƙare, uwargida ta tafi, yara kowa ya kama gabansa. Idan na idar da sallar asuba, sai in rasa abin da nake jira."

Na buɗe baki zan ce ya yi haƙuri, sai na fasa, domin duk wanda ya zo ta'aziyya abin da ya faɗa masa ke nan, kuma ya fi ni sanin ayoyin haƙuri nesa ba kusa ba. Imaninsa bai girgiza ba, sallarsa da wuridinsa suna nan yadda suke. Ya san dalilin da ya sa aka halicci ɗan Adam. Abin da ya ɓace masa shi ne aikin da ke jiransa shi kansa tsakanin asuba da azahar.

Ina zaune a gabansa na tuna da Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1997. A shekarar 1942 'yan Nazi masu mulkin Jamus a lokacin suka kama shi da iyalinsa saboda su Yahudawa ne, ya bi ta sansanonin gwale-gwale huɗu har da Auschwitz, inda aka raba shi da rubutun littafin da ya ɓoye a cikin rigarsa. Da aka 'yantar da shi a 1945, sai ya tarar cewa mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk sun mutu, mahaifinsa kuwa tun a sansanin farko ya rasu. Hanyar jinyar da ya kafa, wadda ya kira logoterafi, ta ginu ne a kan cewa babban abin da ke tafiyar da mutum shi ne neman ma'ana, kuma ana samun ta ta fuska uku: aikin da mutum ya yi, ƙaunar da ya yi wa wani, da kuma yadda ya fuskanci wahalar da ba shi da ikon kauce mata. Ina jin ciwo idan na ji ana amfani da tarihinsa a ce wai waɗanda suka tsira masu ƙarfin zuciya ne, alhali shi da kansa ya rubuta cewa mafi nagarta a cikinsu ba su dawo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga koyarwarsa shi ne cewa likita ba ya ba mutum ma'anar rayuwarsa kamar yadda yake rubuta masa ƙwaya, sai dai ya taimake shi ya gano tasa. Irvin Yalom na Jami'ar Stanford a Amurka, a littafinsa na 1980, ya ce abubuwa huɗu ne suke ƙarƙashin irin wannan damuwa: mutuwa, nauyin zaɓi, kaɗaici, da rashin ma'ana. Sai na ga duka huɗun sun haɗu a kan mutum ɗaya cikin wata biyu.

Saboda haka na yi shiru na bar shi ya yi magana, kuma tambaya ɗaya kawai na yi masa, wato wace rana ce a aikinsa ba zai taɓa mantawa da ita ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ba ni labarin wata yarinya da za a cire daga aji huɗu, yadda ya yi sawu uku zuwa gidansu har mahaifinta ya yarda ta ƙarasa. Yana cikin labarin muryarsa ta ɗaga, har ya miƙa hannu ya ɗauki kunun ya kurɓa. Wajen la'asar ɗan maƙwabcinsu ya shigo da saƙo, jakar makaranta a rataye, sai Kawu ya ce masa ya buɗe littafin lissafinsa ya gani. Sun yi kusan rabin awa a kan rabawa, kuma da yaron zai fita ya tambaya ko ya dawo gobe. Kawu ya ce masa, "In ka ga dama."

Ban ɗauki wannan a matsayin waraka ba. A matsayina na ma'aikaciyar jinya na lura cewa ya rame, ya kuma gaya mini cewa yakan farka tun tsakar dare barci ya ƙi dawowa, waɗannan kuwa suna cikin alamomin ciwon damuwa da ke buƙatar likita ya duba, ba hira kaɗai ba. Na roƙe shi mu je asibiti ranar Alhamis, ya yi gardama kaɗan sannan ya amince, da sharaɗin mu dawo kafin a tashi daga makaranta. Ya kuma ce in saya masa alli da jan biro idan zan zo.