Godiya Bayan Kare Kundin Digirina Na Uku

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundin digirina na uku a fannin ilimin ɓoye saƙo da kare sirrin mutane a intanet, kuma masu jarrabawa sun amince da shi. Saƙonninku na taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa nake godiya a nan.

Malam, kai ne a gaba. Kai ka ɗora ni a kan ƙa'idar Kerckhoffs ta 1883, cewa tsarin kulle bayanai na ƙwarai kowa yana iya ganin yadda aka gina shi, mabuɗi kaɗai ake ɓoyewa. Har yanzu ina ajiye da shafukan da ka cike gefensu da jan biro, kusan kowane layi da tambayarka: “Ina hujja?” Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan magabata.

Sai abokan bincikena da suka raba dare suna neman karya abin da na gina. Wanda ba ya cikin harkar zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali babu gatan da ya fi wannan. Tun 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum (wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa) mai ƙarfi za ta iya warware lissafin da RSA, wani sanannen tsarin kulle bayanai, ya dogara da shi, aka duƙufa neman madadi. Ɗaya daga cikin madadin, SIKE, ya yi nisa a gasar zaɓen sababbin tsarin kulle bayanai ta NIST, hukumar tsara ma'auni ta Amurka, sai a 2022 wasu masana biyu, Castryck da Decru, suka karya shi da kwamfuta irin ta kowa. Da ba su yi ba, da wata rana an kulle bayanan marasa lafiya da asusun bankin jama'a da shi. Don haka duk wanda ya zauna gaban allo da alli yana neman kafa a aikina, na gode, kun kare mutanen da ba za ku taɓa gani ba.

Mama, ba ki taɓa cewa sai na bayyana miki lissafin ba. Da na ce aikin na rufa asirin bayin Allah ne, sai kika sa albarka. Uwargida, kin yi haƙuri da fitilar da ba ta mutuwa sai asuba. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Kundin zai fito fili nan ba da jimawa ba. Masana fannin, ina roƙon ku duba shi da idon mai neman aibi, ku sanar da ni abin da kuka gano.