Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fadamar Gishiri da Fadamar Kubanni

A makon jiya na tsaya a inda na dawo gida Zariya bayan kammala karatun digiri na biyu a Norwich ta ƙasar Ingila, na koma makarantar sakandaren da nake koyar da ilmin halittu kafin tafiyata. Ban yi wata guda da dawowa ba na shiga ofishin shugaban makaranta da wata buƙata da ba a taɓa kai masa irinta ba, wato ya ba ni izinin fita da ɗalibai zuwa fadama domin mu yi darasi a can. Kafin in faɗi yadda muka kwashe da shi, wajibi ne in bayyana inda wannan tunani ya samo asali, domin in ban yi haka ba mai karatu zai ɗauka yawon shan iska kawai nake nema wa yara.

A gaɓar tekun arewacin Norfolk akwai wani ƙauye mai suna Cley, kuma a gefensa akwai wurin kare namun daji da tsuntsaye wanda wani likita mai suna Sydney Long da abokansa suka saya a 1926, kimanin eka 400, domin tsuntsaye su samu inda za su yi sheƙa ba tare da an dame su ba. Daga wannan saye ne aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Norfolk Wildlife Trust. A ranakun da ba ni da lacca nakan je can in taimaka wa ma'aikatan da ke karɓar yaran makarantu. Wani ɓangare na wurin fadamar ruwan daɗi ce mai cike da dogayen ciyayi, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fadamar gishiri da ta shimfiɗu a gaɓar, daga nan har zuwa Blakeney da Stiffkey.

Mutumin Zariya bai san irin wannan fadama ba, domin tamu damina ce ke cika ta, rani ya busar da ita. Waccan kuwa teku ce ke shiga cikinta tana fita sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar takan fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, har ruwan ya rufe ciyayin gaba ɗaya. Idan ya janye sai ya bar laka mai laushi da ƙananan magudanai masu karkacewa. Kowace shigowa tana ajiye ɗan taɓo, saiwoyin tsirrai su riƙe shi, a haka ƙasar ke tashi sannu a hankali shekara bayan shekara.

Saboda haka ma'aikatan ba sa tsara darasi sai sun duba jadawalin cikar teku. Idan makaranta ta nemi zuwa ranar da ruwa zai cika da hantsi, sai a sauya abin da za a yi ko a sauya ranar. Wannan shi ne abu na farko da ya shige ni, ni da na saba ƙararrawa ce ke yanke wa darasi lokaci. Kafin yara su iso, malamar da ke jagorantar su ta riga ta taka hanyar da za a bi, ta san inda laka ke haɗiye ƙafa, ta ƙirga dogayen takalman roba da fararen farantai da gilasan ƙara girman abu. Idan suka iso ba ta tara su ta yi musu dogon jawabi. Takan raba su rukuni-rukuni, ta ba kowane rukuni faranti, ta ce su ɗebo laka su zuba mata ruwa su jira.

Ba zan manta da wata yarinya 'yar kimanin shekara 8 ba, wadda da farko ta ƙi taɓa lakar, ta noƙe hannayenta cikin riga. Da taɓon ya kwanta a farantin, sai wasu ƙananan dodon koɗi da ba su wuce ƙwayar gero ba suka fara tafiya, kowanne yana barin siririn layi a bayansa, ga wata jar tsutsa mai ƙafafu da yawa tana murɗawa. Yarinyar ta durƙusa, ta kai gilashi kusa da ido, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ɗago ta tambaya me suke ci. Malamar ba ta ba ta amsa kai tsaye ba. Ta nuna mata saman lakar da ke da ɗan kore-kore, ta kuma nuna mata wani tsuntsu mai dogayen jajayen ƙafafu da ke caccakar taɓo a nesa, ta ce ta haɗa su da kanta. Kafin a tashi, yarinyar ce ke bayyana wa 'yan rukuninta wanda ke cin wani. Wannan darasi ne da na sha zana shi a allo da kibau, ɗalibaina su kwafa su haddace, amma ban taɓa ganin ya zauna a zuciyar yaro kamar yadda na gani a ranar ba.

Haka ake yi da tsirrai. Akwai wani ɗan tsiro marar ganye, mai gaɓoɓi cike da ruwa, wanda mutanen yankin ke dafawa su ci. Ana ba yaro ɗan guntu ya tauna, ya ji gishiri a harshensa, daga nan a shiga bayanin yadda tsiron ke tara ruwa a jikinsa don gishirin kada ya kashe shi. Wani kuma mai shuɗin fure, wanda ke rufe fadamar a watannin Yuli da Agusta, ta ganyensa yake fitar da gishirin. Ana kuma nuna wa manyan ɗalibai cewa fadamar tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga ganuwar da ke kare gidaje, kuma a wurin wannan ba labari ba ne, domin ambaliyar teku ta watan Disamba na 2013 ta mamaye yankin, tsofaffi kuma suna tuna ta 1953 wadda ta ci rayuka da dama.

Abin da ya juyo da hankalina gida shi ne tsuntsayen. Wasu ƙananan tsuntsaye da ke sheƙa a cikin ciyayin, waɗanda nauyinsu kimanin giram 12 ne, suna ƙetare Sahara kowace shekara su yi hunturu a Afirka ta Yamma. Dausayin Haɗejiya da Nguru yana cikin manyan masaukan tsuntsayen Turai, kuma tun 2000 aka sa wani yankinsa cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kiyaye dausayi, ta ba muhimmanci. Ya dame ni ƙwarai cewa yaron Ingila ya san tsuntsunsa yana zuwa ƙasarmu, namu yaron kuwa bai san yana da baƙo ba.

Duk wannan na zayyana wa shugaban makaranta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, niyyarka mai kyau ce, amma ruwansu ba namu ba ne. Idan yaro ya kwaso tsargiya ko maciji ya sare shi, me zan faɗa wa iyayensa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa. Ka ba ni lokaci in kawo maka tsari a rubuce.”

Maganarsa tana kan hanya. Tsargiya daga dodon koɗin ruwan daɗi take fitowa, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga, don haka abin da ake yi a ruwan gishiri na barin yaro ya cusa hannu cikin laka ba zai yiwu a bakin kogunanmu na Zariya, Kubanni ko Galma, ba. Dole a canza hanya: babba ya ɗebo ruwan da guga mai igiya, yara su duba a faranti da cokali, ba wanda zai shiga ruwa.

Sauran abin da nake buƙata a wurin Kawu na same shi, ƙanin mahaifiyata da ya yi shekaru yana noman rani a fadamar Kubanni. Na same shi da yamma yana gyaran kwamin albasa, na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, har da cewa ina son yara su ga shamuwa. Ya ajiye fartanya ya ce, “Ɗana, shamuwa ai da ƙaratowar damina take zuwa, yanzu ta tafi. Ka bari ruwa ya ja baya, a gama girbi, ciyawa ta kwanta yadda za ka ga inda kake sa ƙafa. Ku zo da sassafe kafin shanu su sauko. Za ku tarar da zalɓe a tsaye a bakin ruwa, da belbela, da zakaran ƙeƙuwa, in kun yi sa'a har da kirinjijiya.” Ya nuna mini tudun da za mu tsaya, da ramukan da za mu kauce wa, ya kuma ce shi da kansa zai shiga gaba da sanda.

A daren nan na rubuta tsarin: ɗalibai kaɗan a kowace fita, takardar amincewar iyaye, takalmi rufaffe ga kowa, malama mace tare da 'yan mata, akwatin magani, da sunan Kawu a matsayin jagora. Shugaban makaranta ya riƙe takardar har ya gabatar da ita a taron iyaye da malamai, inda aka yi muhawara mai tsawo kafin a amince da fita guda ta gwaji a farkon Disamba. Yadda fitar ta kasance, da abin da wani ɗalibina mai kiwon tattabaru ya gano a bakin ruwa, shi ne za mu tashi da shi a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.